Mota Ma Tana Bukatar Kilisa

Duk wanda ya ratsa unguwar malamai ta kowace jami'a a ƙasar nan, ko ya zaga gidajen ƙananan ma'aikata a Kaduna ko Kano ko Bauci, ba zai rasa ganin wani abu guda ba, watau motoci a tsaye waɗanda suka daɗe rabonsu da hanya. Wata an lulluɓe ta da tampol har tampol ɗin ya yayyage, wata tayoyinta sun sace ta durƙusa kamar raƙumi, wata kuwa ciyawa ta tsiro kewaye da ita har awakin unguwa sun mai da ƙarƙashinta makwanci. In ka tambayi mai ita, amsar ba ta wuce guda: "Ai ajiye ta na yi, lafiyarta lau, mai ne ya gagara." Mu kuwa a ganinmu akwai tazara mai nisa tsakanin ajiye abu da yasar da shi, kuma galibin waɗannan motoci yasar da su aka yi, ko da yake masu su ba za su so jin haka ba.

Dalilin tsayuwar yawancinsu ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga abin da bai kai naira 200 ba zuwa sama da naira 500. A watan Oktoba na 2024 har ta haura naira 1,000 a Abuja. A wannan farashi, ƙaramar mota mai tankin lita 50 tana bukatar naira 50,000 kafin ta cika, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Abin ya kai ga a watan Yuni na 2023 gwamnatocin jihohin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Ma'aikacin da ya yi wannan lissafi ya rataye mabuɗi ya koma hawan bas ko Keke, ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Laifin yana ga abin da ya biyo bayan rataye mabuɗin.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa 504, kowa ya ci bashin mota ya hau. Ba a yi shekara goma ba aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kayan gyara suka yi wuya, sa'an nan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo ya karya darajar naira. Motocin da aka yi wa walima jiya aka ɗora su a kan duwatsu, da niyyar za a sauke su in abubuwa sun daidaita. Da yawa daga cikinsu daga kan duwatsun nan sai kasuwar Fanteka. Ban da tsadar mai akwai wasu dalilan da ba sa ƙarewa: malamin da ya tafi ƙaro ilimi Ingila ko Malesiya shekara uku ko huɗu, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da motar mamaci wadda ke jiran rabon gado, magada suna ta jan ƙafa tana ta ruɓewa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai, wanda ya ɗauki wata takwas, ya isa ya kashe batirin kowace motar da aka kulle aka tafi gida.

Kakanninmu da suka riƙe dawaki sun fi mu fahimtar wannan al'amari. Sun san doki ko ba a hawansa sai ya ci harawa da dusa, sai an ba shi kanwa, an share masa turke, kuma lokaci-lokaci an fitar da shi kilisa don kada ƙafafunsa su ƙage. Ba a taɓa jin wanda ya ɗaure doki wata shida bai waiwaye shi ba, sa'an nan ya zo ran hawan salla ya ɗaura masa sirdi. Mu kuwa da muka yi boko sai muka ɗauki mota kamar gero, wanda za a zuba a rumbu a liƙe a tafi. Ko geron ma ai sai an tsare shi daga gara da ƙwari. An ƙera mota ne domin ta yi tafiya, kuma kusan kowane sashe nata, daga roba har ƙarfe, motsi ne ke riƙe da lafiyarsa.

Abin da ke fara mutuwa shi ne batir. Batirin mota faranta ne na dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kuma ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da cajinsa a hankali. Zafi yana gaggauta wannan zuba, har masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka ta. Sai a auna yadda abin zai kasance a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40. Daɗin daɗawa, motocin yanzu ba irin 504 ɗin iyayenmu ba ne. Ko an zare mabuɗi, agogo da na'urar ƙararrawar ɓarayi da kwamfutar injin suna ci gaba da tsotsar wuta, ta yadda cikin wata ɗaya ko biyu sai a murɗa mabuɗi a ji shiru. Cikakken batir yakan nuna wajen bolt 12.6 a ma'auni. In ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, wani farin gishiri-gishiri yakan daskare a jikin farantan, kuma da zarar ya yi tauri ko an kai wurin mai caji ba ya komawa yadda yake. Maganin wannan bai kai kuɗin kwanon abinci ba: a sa sifana a kwance wayar da ke kan mai alamar ragi, a kawar da ita gefe. Wanda zai daɗe ƙwarai ya cire batirin ɗungum, ya ajiye shi a inuwa, a riƙa yi masa caji duk wata. Yanzu ma akwai 'yan ƙananan faranta masu aiki da hasken rana da ake haɗawa da batir su riƙa ɗiga masa caji, kuma rana dai ba mu da ƙarancinta.

A nan ne muke so mu tsaya kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wadda masu yinta suke ganin ita ce iyakar kula. Maigida zai fito da safe, ko ya aiko yaro da mabuɗi, a tayar da mota, a taka totur sau biyu ko uku unguwa ta ji, a bar ta tana kuka minti biyar, a kashe. Wai an ɗumama inji. Wannan ɗumamawa ɓarnarta ta fi amfaninta. Tayar da injin yana jan wuta mai yawa daga batir, minti biyar na aiki a tsaye kuwa ba ya mayar da abin da aka ja, saboda haka kullum batirin baya yake ci. Abu na biyu, wanda mutane ƙalilan suka sani, shi ne ƙonewar fetur tana haifar da ruwa, kusan lita guda a kowace litar mai. In injin ya yi zafi sosai, ruwan yakan fice ta salansa a matsayin tururi. In kuwa an kashe shi tun bai yi zafin ba, ruwan yakan kwanta cikin salansa ya cinye ta da tsatsa daga ciki, wani kuma ya gangara cikin baƙin mai ya gurɓata shi. Ga shi kuma taya ba ta juya ba, birki bai kama ba, giya ba ta shiga ba. Da mugun rawa gara ƙin tashi. Wanda ba zai iya fitar da motar ba, ya cire batir ya ƙyale injin ya huta. Wanda zai iya, ya yi mata kilisa ta gaskiya, watau tafiyar minti ashirin ko talatin a kan titi duk mako biyu, har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa, ya taka birki sau da dama, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ko da hunturu ake yi, domin man da ke cikinta ya zaga ya jiƙa robobinta kada su bushe iskar ta zurare. Wannan tafiya ba za ta ci fiye da lita biyu ko uku ba. Kowa ya kwatanta kuɗinsu da kuɗin sabon batir.

Fetur shi ma yana tsufa. Bayan wata uku zuwa shida sassansa masu saurin kamawa sukan tashi, saura ya yi kauri ya koma kamar ƙaro, ya toshe kafireta a tsofaffin motoci, a na zamani kuwa ya toshe nozul, ya kuma liƙe famfon mai da ke cikin tanki. Littattafan da aka rubuta domin mutanen Turai sukan ce a cika tanki maƙil kafin ajiya, don kada raɓa ta taru cikinsa ta kawo tsatsa. Shawara ce mai kyau a inda aka rubuta ta, amma wanda tsadar mai ta sa ya ajiye mota, a ce masa ya zuba na naira dubu hamsin ya kulle, ai an yi masa ba'a, balle ga masu tiyo da jarka cikin dare. Abin da ya dace da mu shi ne kada a bar tankin ƙaf, a riƙa ƙone na ciki wajen kilisa ana ƙara sabo kaɗan-kaɗan. In kuwa motar ta riga ta shekara a tsaye, kada a kuskura a murɗa mabuɗi sai bakanike ya zuƙe tsohon man. Baƙin mai kuma kafin ajiya ake juye shi, ba bayanta kaɗai ba, domin wanda ya yi aiki yana ɗauke da datti da asid da za su kwanta a jikin ƙarafan injin wata da watanni. Haka nan masu ɗura ruwan rijiya zalla a lagireto, su sani ruwan da ke tsaye ya fi mai zagayawa cin ƙarfe. A zuba ruwan da aka yi domin wannan aiki.

Taya tana rasa iska ko babu huda, in kuma nauyin mota ya daɗe a kan gefe guda sai wurin ya baje, ranar da aka hau hanya a ji sitiyari yana rawa. A ƙara mata iska kaɗan bisa yadda aka saba, a riƙa gusar da motar. In tsayuwar za ta wuce wata shida a ɗage ta a kan ƙarfen da aka yi don haka ko katako mai ƙwari, ban da bulon siminti, wanda ke farfashewa ba sallama. Rana tana tsattsaga roba ko da zanen tayar bai taɓu ba, shi ya sa kyan ido ba hujja ba ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Birkin hannu kuwa kada a ja shi a tafi, musamman da damina, don yakan manne da tsatsa har sai an sa guduma. A sa motar a giya, a tokare tayoyin da dutse ko gungume.

Sai kuma wurin ajiya. Kowa inuwar darbejiya yake nema, amma itacen da ke ba da inuwa shi ke zubo da 'ya'ya da ganye da kashin tsuntsaye, waɗanda ke cin fenti, su kuma toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba har ruwan sama ya malalo cikin mota ya ruɓar da darduma. Tampol na leda da ake ɗaurewa tam yana tara gumi da damina, da hunturu kuwa iska tana kaɗa shi yana goga ƙura a jikin fenti kamar sanfefa. Rumfar kwano mai shan iska, a kan daɓe ko siminti, ta fi su duka. Mota mai tsayuwa kuma gida ce ga wanda bai biya haya ba. Ɓera yana shiga ya yi sheƙa a ƙarƙashin bonet, ya gaigaye wayoyi, kuma a motar zamani waya guda da ya yanke tana iya sa mai gyaran wuta ya yi kwana uku yana lalube. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu, inda ɓera ya je kuwa maciji yana biye. Kada a bar ko ɓawon gyaɗa a ciki, a toshe bakin salansa da tsumma, a rubuta takarda a ɗora kan sitiyari don a tuna a cire shi, a riƙa buɗe bonet ana dubawa.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan asarar dukiya ce. Akwai wadda ta fi ta. A watan Disamba na 2021, a yankin Badagry na Jihar Legas, an tarar da yara takwas sun rasu a cikin wata mota da ke ajiye, bayan sun shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Ba wannan kaɗai ba ne irinsa da aka ji a ƙasar nan. Cikin motar da gilasanta ke rufe a rana zafi yana iya wuce digiri 60, ƙaramin yaro kuwa bai san yadda zai buɗe ƙofar da aka sa wa makullin yara ba, kuma kukansa ba ya fitowa waje. Motar da maigida ya daina kallo, yaran unguwa ba su daina kallonta ba. Saboda haka ko ta mutu murus, ko babu inji a cikinta, a kulle ƙofofinta huɗu da but, a adana mabuɗin inda hannun yaro ba ya kai. In makullin ya lalace a gyara shi kafin a gyara komai. In kuma yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba motocin da ke tsaye kafin a tafi wurin mai shela.

Yanzu bari mu faɗi abin da ba a so. Mutane da yawa da suka ajiye mota ba su da halin yi mata ko da wannan ɗan abin da muka zana, kuma babu alamar za su samu nan kusa. Abin da ya kamace su shi ne su sayar tun tana tashi da kanta. Abin da ke hana su kuwa, in za a faɗi gaskiya, shi ne kada a ce wane ya sayar da motarsa. Mota a ƙofar gida ta zama shaidar cewa maigida yana nan da ƙarfinsa, ko da kuwa kaji ne ke ƙwai a cikinta. Girman kai rawanin tsiya. Mun san akwai masu hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Sukan ce tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024, motocin Kwatano sun ninka kuɗi, wanda ya sayar da tasa ba zai sake iya sayen irinta ba, saboda haka riƙe ta ya fi riƙe takardar kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai motar da ke tafiya ita ce ta yi tsada. Faɗuwar nairar da ta ɗaga kuɗin mota ita ce ta ɗaga kuɗin batir da taya da famfon mai a Ƙofar Ruwa, kuma dillali in ya zo ya tarar sai an tura, da farashin 'yan gwangwan zai fara tayi. Wanda ya ce motarsa jari ce, to, ya yi mata hidimar da ake yi wa jari. Har da takardu: inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairu na 2023, lasisi ma yana ƙarewa ko motar ta taka titi ko ba ta taka ba. Wanda zai yi doguwar tafiya kuma, gara ya damƙa mabuɗi ga mutum guda amintacce, da sharaɗi bayyananne da ɗan kuɗin mai, da ya bar shi a hannun gida duka ko ya tafi da shi cikin aljihu.

Mun bar magana mafi nauyi a ƙarshe domin ta shafe mu kai tsaye, mu da za mu fita mu kama aikin gwamnati da waɗanda suka riga mu kamawa. Babu maƙabartar motoci kamar bayan ofisoshin hukuma. A shiga harabar ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da asibitoci, har da jami'o'inmu, za a ga bas-bas da motocin ɗaukar marasa lafiya da taraktoci jere cikin ciyawa. In aka bi diddigi, sau da yawa abin da ya fara tsayar da motar ƙaramin abu ne. An rubuta takardar neman kuɗin gyara, fayil ya yi wata huɗu yana yawo daga tebur zuwa tebur, kafin a sa hannu batir ya mutu, an ari taya guda an sa wa wata motar, an ari fitila, sai a wayi gari kuɗin da aka nema ba zai yi ko rubu'in aikin ba. Daga nan sai a rubuta neman sabuwa, domin sayen sabuwa yana da kwangila da biki da hoto a jarida, gyaran tsohuwa kuwa babu mai yi wa kowa tafi. Motar asibitin da ta ruɓe a haka, mace mai naƙuda a ƙauye ita ke biyan kuɗinta.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi hanyar da za a bi a sayar da kayan hukuma da aka daina amfani da su, saboda haka babu hujjar barin mota ta shekara biyar tana jiran hukunci. Ko a gyara ta cikin watan da ta tsaya, ko a yi gwanjonta a fili tun tana da daraja, kuɗin ya shiga baitulmali. Ƙaramin ma'aikaci zai ce wannan ya fi ƙarfinsa, kuma gaskiya ne ba shi ke sa hannu a kan kuɗi ba. Amma sau da yawa shi ake ba riƙon littafin motoci da mabuɗai. Yana da ikon ya rubuta ranar da kowace mota ta tsaya da abin da ya tsayar da ita, ya sa a cire batirinta a kai sito da rasit, ya hana a ciri ko kusa guda daga jikinta sai da takarda mai sa hannu, ya sa direba ya zaga da waɗanda ke da lafiya amma ba su da aiki duk ran Juma'a ta biyu, sa'an nan ya riƙa tura wa na gaba da shi wannan lissafi a ƙarshen kowane wata, ya ajiye kwafi a fayil ɗinsa.